Tambaya kan busar da tabar wiwi da datse ganyenta bayan girbi

Mai Tushe Uku:

Barkanku da warhaka. Ina zaune ne a Jamus, inda tun ranar 1 ga Afrilu 2024 doka ta bai wa duk wanda ya kai shekara 18 damar shuka tabar wiwi har tushe 3 a gidansa domin amfanin kansa, kuma ban wuce wannan iyaka ba. Furannin sun nuna, girbi ya ƙarato, amma abin da zai biyo bayan yankan shi ne ya fi damuna, domin shawarwarin da nake ji sun saɓa wa juna. Wasu sun ce a datse ganyen nan take tun yana ɗanye, wasu kuma sun ce a rataye tushen yadda yake, sai ya bushe sannan a sa masa almakashi. Haka nan a kan tsawon lokaci, akwai masu cewa kwana 4 ko 5 sun isa, akwai kuma masu cewa duk wanda ya sauke kafin mako 2 ya ɓata wahalarsa.

Halin da nake ciki shi ne kaka ta shigo, ana yawan ruwa, kuma ma'aunin laima da ke ɗakin da nake son yin shanyar yana nuna kashi 68 zuwa 72 cikin 100 a mafi yawan lokaci, zafin kuwa bai cika wuce digiri 19 ba. Ga shi kuma mahaifiyata tana zaune tare da ni, tana fama da asma, saboda haka ba na son wani abu ya ruɓe a cikin gidan ya shafi numfashinta. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su yi mini bayanin hanyar da ta dace da irin wannan ɗaki, da kuma yadda zan gane cewa bushewar ta kai.

Tsohon Manomi:

Malam, barka da ƙoƙari. Kafin a shiga gardamar almakashi, yana da kyau ka san abin da ake nema a shanyar, domin idan ka gane shi sauran tambayoyin za su warware da kansu. Furen da aka yanke yanzu kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, shi ya sa abin da ka auna ranar girbi zai koma kusan rubu'insa ko ƙasa da haka bayan ya bushe. Wannan ruwa ba a waje kawai yake ba, yana can cikin tsakiyar furen da cikin karansa, kuma yana buƙatar lokaci kafin ya ratso zuwa waje iska ta ɗauke shi. Idan aka yi gaggawa da zafi ko da iska mai ƙarfi, bayan furen zai bushe ya yi ƙaras alhali cikinsa yana jiƙe, mutum ya zaci ya gama, ya zuba a kwalba, bayan kwana biyu ruwan cikin ya fito ya jiƙe komai. Idan kuma aka yi jinkiri a wuri mai laima, funfuna za ta riga ka. Aikin gaba ɗaya tafiya ce tsakanin waɗannan hatsarori biyu.

Akwai dalili na biyu da ya sa masu aikin suke ƙin gaggawa. Sinadaran da ke bai wa furen ƙamshinsa suna saurin tashi su bi iska idan akwai zafi, kuma sinadarin da ke sa ganye ya zama kore yana buƙatar kwanaki kafin ya rushe. Furen da aka busar a kwana 3 yakan riƙe warin ɗanyar ciyawa, ya kuma yi kaushi a maƙogwaro, kuma babu wata dabara da za ta dawo da ƙamshin da ya riga ya gudu. Haske ma yana ɓarna, domin shi da zafi da iskar da ke shiga suna lalata sinadarin THC, wanda shi ne ke sa maye, sannu a hankali, wani ɓangare nasa ya koma wani sinadari mai rauni da ake kira CBN. Saboda haka shanyar rana, da ɗorawa a kan na'urar ɗumama ɗaki, da sakawa a tanda, duk ka cire su daga lissafinka.

Abin da aka saba nema shi ne ɗaki mai duhu, zafinsa tsakanin digiri 15 zuwa 21, laimarsa tsakanin kashi 55 zuwa 65, sannan iska tana zagayawa a hankali. A irin wannan yanayi shanya takan ɗauki kwana 7 zuwa 14, gwargwadon kaurin furannin da yawan ganye da karan da aka bari a jikinsu. Zafin ɗakinka ya yi daidai, amma laimarsa ta yi yawa, kuma a ganina wannan ce matsalarka ta gaskiya, ba zaɓin lokacin datsewa ba. Ka nemi na'urar tsotse laima ka kunna ta a ɗakin tun kafin ka yanke, ka ga ko za ta iya riƙe shi a kusan kashi 60 dare da rana, domin da daddare ne zafi ke sauka laima ta hau, kuma mutane da yawa da rana kawai suke duba ma'auni. Ka sa ƙaramar fanka ta fuskanci bango ko ƙasa, kada ta riƙa hura furannin kai tsaye. Ka rataye rassan a kife a kan igiya, ka bar tazara yadda babu reshen da zai taɓa ɗan'uwansa.

Game da datsewa, ni ina cikin masu jira sai ya bushe. Ranar girbi manyan ganyen nan masu yatsu kawai nake cirewa, in bar ƙananan da suka fito daga cikin furen, waɗanda ke lulluɓe da ƙwayoyin danƙo. Yayin da suke bushewa sukan lanƙwashe su rufe furen, su rage saurin fitar ruwa, su kuma kare ƙwayoyin danƙon daga gogayya. Farashin wannan hanya shi ne aikin almakashi ya fi wuya daga baya, domin ganyen ya riga ya manne, kuma busasshen fure yana saurin zubar da danƙonsa idan aka yi masa riƙon garaje.

Alamar da aka fi dogara da ita wajen gane bushewa ita ce lanƙwasa ƙaramin reshe. Idan ya lanƙwashe shiru, da sauran ruwa. Idan ya karye da ɗan sauti amma zarensa bai rabu gaba ɗaya ba, lokacin saukewa ya yi. Ƙananan rassa za ka gwada, domin babban kara yakan daɗe da ruwa a cikinsa, wanda ya tsaya jiransa kuwa zai tarar furannin sun bushe fiye da kima.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Malam, maganar mahaifiyarka ce ta sa na ga ya wajaba in sa baki, Allah ya ba ta lafiya. Funfunar da ke kama wannan fure ba iri ɗaya ba ce. Wadda manoma suka fi sani ita ce Botrytis cinerea, mai launin toka, wadda ke farawa daga tsakiyar fure mai kauri, kusa da kara, inda ido ba ya kaiwa, ta ruɓar da shi daga ciki. Sau da yawa tana shiga ne tun shukar tana tsaye, musamman a lokacin ruwa irin wanda ka bayyana, saboda haka ranar girbi ka buɗe manyan furannin a hankali da yatsa ka duba cikinsu. Ƙaramin ganye ɗaya da ya bushe ya yi ruwan ƙasa a tsakiyar fure mai kore, wanda idan ka ja shi ya zare ba tare da wahala ba, alama ce da ya kamata ta sa ka bincika wurin sosai.

Wadda ta fi damun ma'aikatan lafiya kuwa ita ce dangin Aspergillus. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna yawo a iska su shiga huhu. Mai cikakkiyar lafiya jikinsa yakan kawar da su, amma ga mai asma suna iya tayar da ciwon ko su haddasa wani kumburin hanyoyin numfashi mai wuyar sha'ani, ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kuma, kamar mai shan maganin daji ko wanda aka yi wa dashen gaɓa, suna iya zama cuta mai kisa. Wani nau'inta, Aspergillus flavus, yana fitar da gubar afulatoksin mai cutar da hanta. Kada kowa ya yaudare ka da cewa wuta tana kashe komai, ko cewa idan aka yanke inda ya ruɓe aka ƙara shanya sauran ya wanku. Abin da ido ya gani ɗan kaɗan ne daga zaren funfunar da ya riga ya ratsa furen, don haka furen da ya kamu a zuba shi a leda a ɗaure a fitar da shi daga gida, a kuma wanke almakashi da hannu kafin a taɓa wani.

Mutane kan rikita funfuna da ƙwayoyin danƙon furen, domin duka biyun fari suke yi wa ido. Da gilashin ƙara girma bambancin a fili yake: ƙwayar danƙo tana tsaye a kan ɗan siririn wuya da zagayayyen kai mai ƙyalli, funfuna kuwa zare ce mai kama da saƙar gizo ko auduga, ba ta ƙyalli. Hanci ma yana taimakawa, domin warin rumar ɗaki ko na jiƙaƙƙen tufafin da aka manta a rufe ba warin lafiyayyen fure ba ne.

Shawarata ita ce ɗakin shanyar ya kasance a rufe, iskarsa ta fita waje ta taga ko ta bututu, kada ta bi ta cikin gida. Mahaifiyarka kada ta shiga ɗakin, kada kuma a yi aikin datsewa a inda take zama, domin ko babu funfuna, ƙurar busasshen ganye da ƙarfin warin sun isa su tayar wa mai asma da ciwonsa. Kai ma ka sa takunkumi da safar hannu. Hayaƙin kuwa, ko daga fure mafi tsabta ya fito, hayaƙi ne, kuma bai kamata ya kai ga huhunta ba ko kaɗan.

Mai Almakashi:

Ina girmama bayanin Tsohon Manomi, kuma na yarda da shi a kan zafi da duhu da haƙuri, amma a kan datsewa ina ganin shawararsa ta fi dacewa da mai busasshen ɗaki. Ganyen da ke lulluɓe fure yana rage fitar ruwa, wannan gaskiya ne, sai dai abin da yake alheri a ɗaki mai laima kashi 45 shi ne yake zama musiba a ɗaki mai kashi 70. Idan mai tambaya bai samu na'urar tsotse laima ba, ko ya samu amma ta kasa sauko da ɗakin ƙasa da kashi 65, to ya datse tun furen yana ɗanye, ya rarraba manyan kawunan zuwa ƙanana, ya shimfiɗa su a kan raga mai hawa-hawa ba tare da sun haɗu ba, ya riƙa juya su kullum domin kada gefen da ke ƙasa ya baje ya riƙe ruwa. Zai yi asarar wani abu na ƙamshi, domin shanyar za ta fi sauri, amma gara wannan asara da ta girbin gaba ɗaya, musamman a gidan da ke da mai ciwon numfashi.

Datsewar ɗanye tana da wani sauƙin kuma, shi ne ganyen yana miƙe a waje, almakashi yana kai wa gindinsa ba tare da ya yanki furen ba. Ƙaramin almakashi mai tsinin baki ake so, a riƙe reshen ta kara ana juya shi, ba a damƙi furen ba. Danƙo zai taru a bakin almakashin har ya daina yanka, sai a goge shi da sifirit a bari ya bushe sarai kafin a ci gaba, kuma wanda yake da guda biyu zai huta, yana aiki da ɗaya ɗayan yana jiƙe. A yi aikin a kan faranti mai tsabta domin abin da ya zuba kada ya bi ƙasa. Ban ga amfanin askewa har sai fure ya yi sumul ba, domin yawan wucewar almakashi yana kakkaɓe danƙon da aka sha wahala dominsa, abin da ya leƙo waje kawai ya isa a cire.

Mai Bin Doka:

Ɗan'uwa, ka tanadi sikeli mai kyau kafin ka yanke, domin dokar da ka ambata ba ta tsaya a kan yawan tushe ba. A Jamus abin da aka yarda babba ya ajiye a gidansa giram 50 ne, a waje kuma giram 25, kuma nauyin bayan bushewa ake lissafawa. Daga giram 50 zuwa 60 a gida laifin biyan tara ne, abin da ya haura 60 kuwa ya zama laifin da ake gurfanarwa a kansa. Tushe 3 da suka samu kulawa suna iya ba da fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma dokar ba ta yarda ka ba wani rarar ba ko da kyauta ne, saboda haka wasu suke girbe tushe ɗaya bayan ɗaya maimakon su yanke duka rana guda. Haka nan wajibi ne shukar da abin da aka girbe su kasance a inda yara da sauran mutane ba za su kai gare su ba, wanda ke nufin ɗakin shanyar ma yana buƙatar makulli.

Mai karanta wannan daga wata ƙasa kada ya ɗauka hukuncin ɗaya ne ko'ina. Kanada ta yarda da tushe 4 ga kowane gida tun 17 ga Oktoba 2018, amma lardin Kebek ya hana shukar gida. Yurugwai ta yarda da tushe 6 a dokarta ta 2013, Malta kuma tushe 4 a 2021. A mafi yawan ƙasashen duniya shuka ko da tushe ɗaya laifi ne da ke kai mutum kurkuku.

Mai Tushe Uku:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samo na'urar tsotse laima, kuma ɗakin ya sauko zuwa kashi 60 zuwa 62 har cikin dare, saboda haka zan cire manyan ganye, in raba tushen reshe-reshe in rataye, amma kawunan da suka fi kauri zan buɗe su in duba in kuma rage musu ganye kamar yadda Mai Almakashi ya ce. Zan fara da tushe ɗaya saboda maganar nauyi. Abin da ya rage mini shi ne batun kwalba, domin na ji ana cewa bayan shanya akwai sauran aiki.

Tsohon Manomi:

Akwai kuwa, kuma a nan ne mutane da yawa suke sakin jiki. Lokacin da ƙaramin reshe ya karye, bayan furen ya bushe amma tsakiyarsa tana da sauran ruwa kaɗan, kuma amfanin kwalba shi ne wannan ragowar ta bazu daidai a cikin furen yayin da warin ɗanyen ganye yake ci gaba da gushewa. Ka yanke furannin daga rassan, ka gama datsewa, ka zuba su a kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfi mai kamawa sosai, ka cika ta zuwa kashi uku cikin huɗu ba tare da dannawa ba, ka ajiye a wuri mai duhu da sanyi. Leda ba ta dace da wannan aiki ba, domin tana murƙushe furen, danƙon kuma yana manne mata.

Ka jefa ƙaramin ma'aunin laima a cikin kowace kwalba, domin shi ne zai gaya maka abin da hannu ba zai iya ba. Bayan kwana ɗaya a rufe, idan ya tsaya tsakanin kashi 58 zuwa 62, ka samu abin da ake nema. Idan ya kai 65 ko ya ɗan wuce, ka bar murfin a buɗe na wasu awanni sannan ka sake rufewa ka duba. Idan ya kusanci 70, ko ka ga furannin sun manne da juna sun yi laushi, ka juye su gaba ɗaya a kan raga su ƙara kwana ɗaya ko biyu. Wannan iyaka ta 65 ba son rai ba ce, domin daga sama da ita ne funfuna take samun ruwan da za ta tsiro da shi, kuma ma'aunin da masana'antar ke bi a ƙasashen da ake sayarwa bisa doka yana tsakanin 55 da 65 ne. Idan kuma ya faɗi ƙasa da 55, furen ya bushe fiye da kima, zai riƙa marmashewa, kuma ko an mayar masa da laima ƙamshin da ya tafi ba ya dawowa. Akwai 'yan fakitin daidaita laima da ake sayarwa, na kashi 58 da na kashi 62, suna da amfani wajen riƙe furen da ya riga ya daidaita, amma ba za su ceci wanda aka rufe da ruwansa ba. Ɓawon lemo ko yankan burodi da wasu ke jefawa a kwalba domin dawo da laushi kuwa hanya ce ta gayyato funfuna, kada ka gwada.

A makon farko ka buɗe kowace kwalba sau ɗaya ko biyu a rana na 'yan mintuna, ka girgiza ta a hankali domin na ƙasa ya dawo sama, ka shinshina tun kafin iskar cikin ta watse. Warin ciyawa a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne, zai ragu. Wari mai hawa kai irin na fitsari kuwa yana nufin ƙwayoyin cuta sun fara aiki a cikin jiƙaƙƙen fure inda iska ba ta shiga, sai ka juye nan take ka bi furannin ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma kamar yadda Ma'aikaciyar Lafiya ta bayyana. Daga mako na biyu za ka iya rage buɗewar zuwa sau ɗaya a kwana biyu ko uku, kuma idan ma'aunin ya daina motsi daga inda ka bar shi, mako 2 zuwa 4 sun wadatar ga mafi yawan furanni, ko da yake wasu suna kai shi wata 2. Ka rubuta ranar girbi da ranar rufewa da nauyin abin da ke ciki a jikin kowace kwalba, kuma ka yi awon ne a ranar da ka zuba, domin daga wannan lokaci nauyin ba zai ragu sosai ba, kuma shi ne zai nuna maka lokacin da ya halatta ka yanke tushe na biyu.